Mutumin da aka binne sau uku



Hausawa suna yi wa mutuwa kirari da mai tonon asiri, kuma a kan talaka kirarin ya zauna daidai. Duk wanda ya taɓa zama a zauren sarkin zango ranar rabon gado ya shaida haka: mai bin bashin da ba a san da shi ba ya ɓullo da takarda, gidan da ake zaton na mamaci ne a tarar jingina yake, wani lokaci har ɗa ya iso daga wani gari yana neman rabonsa. Amma ga mutumin da sunansa ya cika ƙasa, sau da yawa lamarin juyawa yake yi. Laifinsa ya yi ta ƙanƙancewa, alherinsa ya yi ta girma, har a wayi gari jikokin waɗanda suka jefe shi su ne masu rantsuwa da sunansa. Maƙwabtanmu Tonawa suna da karin magana cewa sai kwaɗo ya mutu ake ganin tsawonsa. Mu kuwa abin da muke son dubawa shi ne wane ne yake miƙar da kwaɗon, kuma don me. A ƙasar nan ta Ghana babu misalin da ya kai na Kwame Nkrumah.

Yaron da aka haifa bayan 1990 zai yi wuya ya yarda cewa an taɓa yin ranar da aka yi kiɗa da rawa a titunan Accra, wadda iyayenmu suke kira Ankara, saboda an tuɓe Nkrumah. An yi ta kuwa, ranar 24 ga Fabrairun 1966. Yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi neman sulhu a yaƙin Biyetnam, ya sauka a ƙasar Sin, labari ya iske shi cewa Kanar Kotoka da Manjo Afrifa da shugaban 'yan sanda Harlley sun karɓe mulki. Aka kayar da mutum-mutuminsa da ke gaban majalisa, aka fille masa kai. Aka haramta jam'iyyarsa ta CPP. Aka cire sunansa daga jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. A 1967 aka buga sabon sidi, cikin dalilan har da a raba kuɗin ƙasa da hotonsa.

Masu murnar nan suna da hujjarsu. Ayyukansa dai ba ɓoyayyu ba ne: tashar jiragen ruwa ta Tema, babbar hanyar da ta haɗa ta da Ankara, makarantun sakandare a sassan da ba su taɓa gani ba, da madatsar ruwa ta Akosombo wadda ya buɗe wata guda kafin a kifar da shi. Sai dai a gefen waɗannan akwai dokar 1958 da ta ba gwamnati ikon tsare mutum shekara biyar ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. A ƙarƙashinta J. B. Danquah, ɗaya daga cikin shugabannin UGCC da suka kira Nkrumah gida a 1947, ya mutu a kurkukun Nsawam a watan Fabrairun 1965. Da kotu ta wanke waɗanda aka zarga da hannu a bam ɗin Kulungugu, sai aka tuɓe babban jojin ƙasa, Sir Arku Korsah, a ƙarshen 1963. A 1964 aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka ce fiye da kashi 99 cikin ɗari sun amince a koma jam'iyya ɗaya. Sannan farashin koko ya faɗi warwas a kasuwar duniya, kantuna suka bushe, aka shiga layin sukari da madara da sabulu.

Mu mutanen zango muna da namu babin a cikin wannan littafi, kuma shi ne babin da aka fi saurin tsallakewa. A shekarun neman 'yanci, da yawa daga cikin manyan zangon Kumasi da na Ankara suna cikin jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta haɗa kai da 'yan adawar Asante. A watan Agustan 1957, wata biyar kacal bayan saukar da tutar Ingila, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lardan zuwa Najeriya. Mutanen biyu sun garzaya kotu suna cewa a nan aka haife su, ba su da wata ƙasa. Shari'a tana gudana majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, ta kashe ƙarar. Kafin shekarar ta ƙare aka haramta duk jam'iyyar da aka kafa a kan addini ko ƙabila ko yanki. Saƙon da ya iso kowane zaure a lokacin a fili yake: ɗan zango ɗan ƙasa ne muddin yana bayan gwamnati, ran da ya juya kuwa ana iya tuna masa garin kakansa.

To yaya aka yi mutumin da ya yi wannan ya zama uba a bakin 'ya'yan zango? Rabin amsar tana hannun Dokta Busia. Shi ne jagoran United Party, inda MAP ta narke a 1957, wato tsohon abokin tafiyar manyanmu. Ya hau kujerar firaminista a 1969, kuma ranar 18 ga Nuwamban shekarar gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya samo ta ko ya bar ƙasa. Dubun dubatar mutane suka kwashe: Yarabawa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa taka ƙasar da aka ce su koma ba. An sayar da gida a kuɗin akuya. An bar rumfuna da gonakin koko, an raba mata da miji, an haihu a bakin iyaka. Nkrumah ya kori mutum biyu da wasu tsiraru a bayansu, Busia ya girgiza zango gaba ɗaya. Daga ranar nan ma'aunin ya sauya, aka fara tuna Nkrumah a matsayin mai cewa Afirka ɗaya ce, wanda a zamaninsa ba a tare mai goro a tasha a tambaye shi takarda.

Sauran rabin amsar ita ce mutuwar kanta. Bayan juyin mulki Nkrumah ya zauna a Konakiri, inda Sekou Toure ya ba shi laƙabin abokin shugabancin Gini. Yana rubuta littattafai, yana magana da mutanen Ghana ta rediyo, yana jiran ranar komawa. Ranar ba ta zo ba. Ciwon daji ya kama shi, aka kai shi Bukares ta ƙasar Romaniya, ya rasu a can ranar 27 ga Afrilun 1972 yana da shekara 62. Wata uku kafin nan Kanar Acheampong ya kifar da Busia.

Abin da ya biyo baya ya isa a tsaya a kansa. Mutumin da ya shekara shida ba a bar shi ya taka ƙasarsa ba, sai ga ƙasashe biyu suna jayayya a kan gawarsa. Sekou Toure ya yi masa jana'izar ƙasa a Konakiri a watan Mayu, shugabanni da jagororin yaƙin neman 'yanci suka hallara, aka sa shi a makwancinsa na farko. Gwamnatin soja ta Ankara ta ce a ba ta ɗanta. Sekou Toure ya gindaya sharuɗɗa, cikinsu har da a mayar wa mamacin martabarsa, sai da aka yi ta kai da komo kafin ya saki. Ranar 7 ga Yuli jirgi ya sauka da gawar a Ankara, jama'a suka yi dafifi suna kuka a titunan da aka yi rawa shekara shida baya, aka wuce da shi ƙauyensu Nkroful, inda tsohuwarsa take raye, aka binne shi karo na biyu.

Ayyukan Nkrumah na Yulin 1972 su ne dai na Fabrairun 1966, ba a ƙara ko bulo ɗaya ba. Abin da ya ragu shi ne tsoro. Nkrumah mai rai yana iya sauka a filin jirgi gobe ya ce a tashi a ba shi kujerarsa, don haka kowane mai mulki dole ya ɓata shi. Nkrumah na cikin akwati ba ya neman kujera, ba ya ƙaryata wanda ya ce shi ne magajinsa, ba ya kuma sake wani sabon kuskure. Kowa sai ya yanki abin da yake so daga jikinsa. Acheampong yana buƙatar farin jinin da zai bambanta shi da Busia, ya samu a jana'izar. Shekara 20 bayan haka, ranar 1 ga Yulin 1992, gwamnatin Rawlings ta tono shi daga Nkroful ta kawo shi hubbaren marmara da aka gina a tsohon filin ƙwallon dawaki, daidai inda ya yi shelar 'yanci a 1957. Binnewa ta uku ke nan. A ganinmu ba a banza ta faɗo a shekarar da ake komawa siyasar jam'iyyu ba, wata huɗu kafin zaɓe. Kada kuma a manta Rawlings ɗin nan ne ya kifar da Hilla Limann a ƙarshen 1981, shugaba ɗaya tilo da magoya bayan Nkrumah suka taɓa kaiwa fadar gwamnati ta hanyar ƙuri'a bayan 1966.

Daga nan sai girma ya yi ta hawa kan girma. A 1998 aka mayar wa jami'ar Kumasi sunansa. A ƙarshen 1999 masu sauraron BBC a Afirka suka zaɓe shi gwarzon nahiyar na shekara dubu. A 2009 Shugaba Atta Mills ya mai da ranar haihuwarsa, 21 ga Satumba, ranar hutu. Hotonsa ya dawo kan takardar sidi biyu a 2010, a 2012 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a hedikwatar Tarayyar Afirka a Adis Ababa. Duk da wannan, jam'iyyar CPP da ya kafa da hannunsa ƙuri'un da take samu a zaɓen shugaban ƙasa ba su taka kara sun karya ba, 'yarsa Samia ma ta ci kujerar majalisa ta Jomoro a 2008 ta rasa ta a 2012. Mutane suna son sunan, ba su nuna suna son a sake mulkarsu da tsarinsa ba.

Kada a ɗauka kowace mutuwa ce take yi wa mai ita wannan hidima. Sekou Toure da ya riƙe gawar abokinsa ya ci gaba da mulki har ya rasu a asibiti a Amurka a watan Maris na 1984. Mako guda bayan haka soja suka karɓi mulki, suka buɗe ƙofofin kurkukun Boiro, duniya ta ga abin da ke ciki. Shi mutuwa tona masa ta yi, domin ya mutu a kan kujera, waɗanda suka gaje shi kuma suna buƙatar laifinsa don su halatta kansu. Nkrumah an riga an tona nasa yana raye, an kafa kwamitocin bincike, an faɗi na gaskiya an haɗa da na ƙarya har kunne ya gaji. Da ya mutu babu sauran abin tonawa, sai kewa. Waɗanda suka biyo bayansa kuma suka taimaka masa da gazawarsu: juyin mulki a 1972, da 1978, da 1979, da 1981, ga yunwar 1983, ga masana'antun da ya gina suna ruɓewa ana sayar da su. Duk shekarar da wuta ta ɗauke, sai a tuna wanda ya gina Akosombo.

Har wanda ya kifar da shi ma mutuwa ta yi masa rana. An kashe Kotoka a watan Afrilun 1967 a wani yunƙurin juyin mulki da bai yi nasara ba, aka sa wa filin jirgin saman Ankara sunansa. Shekara da shekaru baƙo yana sauka a filin Kotoka, ya hau mota ya je ziyarar hubbaren Nkrumah, ba tare da ya san alaƙar sunayen biyu ba. Afrifa da ya rayu ya riƙe mulki, an ɗaure shi a turke an harbe a 1979.

Tarbiyyar da muka samu a makarantar allo da ta zaure ita ce kada a zagi mamaci, ya riga ya isa ga abin da ya gabatar. Muna kan wannan. Sai dai malaman da suka koya mana haka su ne kuma suka karantar da mu yadda magabata suka auna masu ruwayar hadisi, mutanen da suka daɗe a kabari: wannan amintacce ne, wannan yana da mantuwa, wannan ba a karɓa daga gare shi. Ba su ɗauki wannan zagi ba, domin akwai haƙƙin masu rai a ciki. Haƙƙinmu a nan shi ne takardar zama ɗan ƙasa. Har yau ɗan zango yakan je neman fasfo ko katin shaida a dube sunansa a tambaye shi garin kakansa, kuma tambayar nan ba a 1969 aka fara ta ba. Dattawan da suka ga an fita da Sarkin Zangon Kumasi saura ƙalilan. Matasanmu suna liƙa hoton Nkrumah a shago da bayan mota, sun san jawabinsa na daren 'yanci, akasarinsu ba su taɓa jin sunan Amadu Baba ba.

Wanda ya je hubbaren, ya zagaya bayan ginin marmara. Tsohon mutum-mutumin da aka kayar a 1966 yana nan tsaye, ba kai, hannu a karye. Kan ya ɓace fiye da shekara 40 a hannun wanda ya tsince shi ya ɓoye, sai a 2009 aka dawo da shi. Masu kula da wurin ba su mayar da shi kan wuya ba, sun ɗora shi a kan wani dakali a gefe.