Karnukan Amundsen da Tafiya Zuwa Ƙuryar Kudu, 1910–1912

Masu tarihi sun daɗe suna tattaunawa a kan dalilin da ya sa Roald Amundsen, mutumin ƙasar Norwe, ya riga Kyaftin Scott na Ingila isa Ƙuryar Kudu ta duniya, watau tsakiyar nahiyar Antaktika. Akan ambaci sa'a, akan ambaci yanayi. Amma duk wanda ya bi labarin a tsanake zai ga cewa asalin al'amarin yana ga kare: yadda aka zaɓe shi, aka ciyar da shi, aka hore shi.

Amundsen bai koyi wannan sana'a a makaranta ba. Tsakanin 1903 da 1906, sa'ad da yake ratsa tekun arewacin Kanada, ya yi hunturu biyu kusa da mutanen Netsilik, wani reshe na Inuwit, ya ga yadda suke ɗaura karnuka ga amalanke marar ƙafa mai sulɓi a kan ƙanƙara. Saboda haka, da jirginsa Fram ya bar Norwe a watan Agusta 1910, yana ɗauke da karnuka 97 daga Girinlan. Hanyar kuwa sai ta ratsa yankin zafi, wanda zai iya halaka dabbar da ta saba da ƙanƙara. Sai aka shimfiɗa musu katako a bisa daɓen jirgi don iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsu, aka kafa rumfuna, aka raba su ga ma'aikata, kowa da nasa. Abincinsu busasshen kifi ne da kitse. Da aka sauka Antaktika a Janairu 1911, yawansu ya ƙaru ne, domin an yi haihuwa a hanya.

A nan ne fifikon kare a kan doki ya bayyana. Scott ya zo da gajerun dawaki 19, da motocin ƙanƙara 3, da karnuka 33. Doki ba ya samun ko tsinken ciyawa a wannan ƙasa, tilas a ɗauko masa harawa daga nesa. Ga nauyi mai nutsar da shi cikin dusar ƙanƙara, ga gumi mai daskarewa a jikinsa. Kare kuwa yana cin naman wata dabbar teku mai kitse, mai kama da ayu, wadda ke nan birjik a bakin gaɓa. Mutanen Amundsen suka tara wannan nama jibgi guda don hunturu, suka kuma kai guzuri gaba suka ajiye a zango uku. Waɗannan tafiye-tafiye su ne horon karnukan: a nan aka gane mai jagora da mai ƙyuya. Ba a ce ba a yi kuskure ba. Gaggawar fita a watan Satumba, tun sanyi bai sassauta ba, ta jawo asarar karnuka da dama.

A watan Oktoba mutum 5 suka tashi da amalanke 4 da karnuka 52. Abin da ke damun mai nazari shi ne, tun kafin a tashi an riga an lissafa karnukan a cikin guzuri. Bayan sun haye tsaunuka da kaya, aka harbe 24, kowane matuƙi ya kashe daga cikin waɗanda ya yi fiye da shekara yana ciyarwa da hannunsa. Aka ba sauran 18 naman, mutane ma suka ci, kuma sabon nama yana tsare mutum daga ciwon nan mai kumbura dasashi. Turawan Ingila da yawa sun ga rashin imani ne, ko da yake dawakin Scott ma harbe su aka yi a hanya.

Amundsen ya isa Ƙuryar Kudu ranar 14 ga Disamba 1911. Scott, wanda ya mayar da karnukansa tun daga gindin tsaunuka, mutanensa suka ja kaya da ƙarfinsu, ya iso ranar 17 ga Janairu 1912, kuma shi da abokansa huɗu ba wanda ya komo da rai. Ranar 25 ga wannan wata Amundsen ya koma sansaninsa da mutanensa duka, da karnuka 11.