Karatun digirin aikin gona a yankin Jega, Aliero da Maiyama

A duk shekara, idan lokacin cike takardun neman shiga jami'a ya zo, iyaye da dama a Jihar Kebbi kan yi tambaya guda: me jami'a za ta koya wa yaron da ya tashi da fartanya a hannu?

Tambayar ta fi ƙarfi a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, inda noma shi ne sana'ar akasarin jama'a, kuma inda jami'ar jihar take da tsangayar koyar da aikin gona.

Yankin

Garuruwan uku suna cikin masarautar Gwandu, a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri da Kwantagora. Matafiyi zai fara isa Aliero, sannan Jega, inda hanyar Birnin Kebbi ta rabu, daga nan ya gangara kudu zuwa Maiyama.

Aliero ta yi suna wajen noman albasa, wadda fatake ke lodinta zuwa kudancin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Jega kuwa tsohuwar kasuwa ce tun ƙarni na 19, kuma tana bakin Gulbin Zamfara, wanda fadamunsa ke ba da damar noman shinkafa da kayan lambu da rani. A tudun Maiyama ana noma gero da dawa da wake da damina, ana kuma kiwo.

Damina a wannan yanki gajera ce, takan kama daga wajejen watan Yuni zuwa Satumba ko farkon Oktoba. Sauran watannin shekara sun dogara ne ga ban ruwa.

Jami'ar Aliero

An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agustan 1991. Shekaru da dama bayan haka jihar ba ta da jami'a, saboda haka mai son digirin aikin gona sai ya tafi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

A shekarar 2006 gwamnatin Muhammadu Adamu Aliero ta kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a garin Aliero. Daga bisani an sauya mata suna zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Abdullahi Fodiyo, domin tunawa da malamin da ya kafa daular Gwandu.

Tsangayar aikin gona ta jami'ar tana koyar da ilmin tsirrai, da ilmin dabbobi, da ilmin ƙasar noma, da tattalin arzikin noma tare da wayar da kan manoma, da kuma gandun daji da kiwon kifi. Tana da gonar koyarwa da bincike a fadamar Jega, inda malamai da ɗalibai ke gwajin iri da taki da ban ruwa.

A shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Aikin Gona a Zuru, a kudancin jihar, abin da ya ƙara wa 'yan jihar wata kafa ta samun wannan karatu.

Asalin karatun

Koyar da noma a jami'a ya samu gindin zama ne a Amurka, bayan wata doka ta 1862 da ta bai wa jihohi filaye domin kafa kwalejojin noma da ƙere-ƙere. Manufar ita ce a haɗa abubuwa uku wuri guda: koyarwa, da bincike, da kai sakamakon binciken ga manomi.

A arewacin Nijeriya, Turawan mulkin mallaka sun buɗe tashar binciken noma a Samaru a 1922. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tashar ta koma ƙarƙashinta a matsayin Cibiyar Binciken Aikin Gona, kuma malamai daga Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka sun taimaka wajen gina tsangayar noma ta jami'ar a shekarun 1960.

Daga Samaru ne aka fitar da ingantattun irin masara da dawa da wake da gyaɗa da ake shukawa a sassan arewa. A 1988 kuma aka kafa jami'o'in aikin gona na musamman a Makurɗi da Abeokuta.

Sharuɗɗan shiga

Digirin aikin gona karatun kimiyya ne, don haka ɗalibin da bai yi darussan kimiyya a sakandare ba ba ya samun shiga.

Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da kimiyyar sinadarai, da kuma ilmin halittu ko darasin aikin gona. A jarrabawar JAMB ɗalibi kan rubuta Turanci, da kimiyyar sinadarai, da ilmin halittu ko aikin gona, sannan lissafi ko fiziks.

Wanda ke da difiloma ko takardar NCE a fannin yana iya neman shiga kai tsaye a aji na biyu.

Wannan digiri daban yake da na likitan dabbobi, wanda ke ɗaukar shekara 6, daban kuma da injiniyancin aikin gona, wanda ake koyarwa a tsangayar injiniya.

Shekara biyar

Yayin da digirin fannoni da yawa ke ɗaukar shekara 4, na aikin gona shekara 5 ne, kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke shata mafi ƙarancin abin da za a koyar. A watan Disamban 2022 hukumar ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara su daidai da buƙatun yankinta.

A bisa tsarin da aka daɗe ana bi, shekarar farko ta kimiyya ce zalla. A ta biyu da ta uku ɗalibi yana ɗanɗana kowane reshe: ƙasa, tsirrai, dabbobi, cututtuka da ƙwari, injinan noma, ƙididdiga da lissafin riba da faɗuwa.

Shekara ta huɗu ita ce ta aiki a gona. Ɗalibai na yin shara da huɗa da shuka da noma da girbi da hannunsu, suna kula da kaji da tumaki da kifi, suna kuma rubuta abin da suka yi a littafi. Ana kuma tura su wasu gonaki ko ma'aikatu ƙarƙashin shirin SIWES na sanin makamar aiki.

A shekarar ƙarshe ɗalibi kan zaɓi reshe guda, ya gudanar da bincike, ya rubuta kundi, sannan ya kare shi a gaban malamai.

Abin da karatun ke ƙarawa

Manomin Aliero ya san lokacin yafa irin albasa da lokacin dashe fiye da kowane sabon ɗalibi. Abin da jami'a ke ƙarawa shi ne sanin dalili da iya awo.

Misali, buhun takin yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, domin kashi 46 cikin 100 ne na nauyinsa. Ɗalibi na koyon auna ƙasa a ɗakin gwaje-gwaje, ya san abin da ta rasa, ya lissafa buhu nawa hekta guda ke buƙata. Yana kuma koyon cewa yuriyar da aka watsa a busasshiyar ƙasa cikin zafi ba a rufe ba, wani kaso nata yana bin iska.

Haka batun ajiya. Albasa na yin arha a lokacin girbi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, ta yi tsada bayan watanni. Manoma kan adana ta a rudu, amma zafi da laima na ruɓar da wani kaso mai yawa. Albasar da aka cika wa naitirojin, ko aka ajiye kafin wuyanta ya bushe, ta fi saurin lalacewa. Irin waɗannan matsaloli ne ɗaliban shekarar ƙarshe ke ɗauka a matsayin bincike.

Bayan kammalawa

Bayan shekara guda ta yi wa ƙasa hidima, wasu kan zama malaman gona a hukumar raya aikin gona ta jiha, KARDA, ko ma'aikata a Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ko Bankin Manoma. Wasu na koyarwa a makarantun sakandare, wasu kuma su zarce karatun digiri na biyu.

Noman shinkafa ya buɗe wasu ƙofofin. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoma rance a watan Nuwamban 2015, kuma a 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Kamfanoni irin wannan, da masu sayar da iri da maganin feshi, na ɗaukar waɗanda suka karanci noma domin su yi aiki da manoma.

Matsaloli

Sai dai guraben aikin gwamnati kaɗan ne, duk da cewa a jihohi da dama malamin gona guda na kula da dubban manoma.

Ɗalibai da yawa na shiga fannin ne bayan sun rasa gurbi a likitanci ko haɗa magunguna, don haka suna kammalawa ba tare da niyyar komawa gona ba. Masu niyyar kuma sukan rasa fili da jari, domin bankuna na neman jingina, takardar digiri kuwa ba jingina ba ce.

Shekarar aikin gona ma na buƙatar tarakta mai aiki, da dabbobi, da kuɗin iri da taki. Inda waɗannan suka yi ƙaranci, darasin kan koma kan allo. Yajin aikin malaman jami'o'i, kamar na wata 8 da aka yi a 2022, kan sa ɗalibai su rasa damina guda cur.

Noman kansa na da haɗari. Ambaliyar 2020 ta lalata gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi ana dab da girbi.

A 2003, a birnin Maputo, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga aikin gona, amma kasafin Tarayyar Nijeriya ya daɗe yana ƙasa da hakan.

Ga iyalin da ke yankin Jega, Aliero da Maiyama, akwai wata dama da ɗalibin birni ba shi da ita: gonar gado tana kusa da makaranta. Ɗalibin da aka yanka wa 'yar gayauna tun yana aji biyu yana iya gwada abin da aka koya masa a damina uku ko huɗu kafin ya karɓi takardarsa.