Ƙasar Cek da Jiragenta a Kano

Cikin watan Agusta 1967, yaƙin basasa bai daɗe da ɓarkewa ba, mutanen birnin Kano suka soma jin rugugin baƙin jirage daga bayan badala. Ingila da Amurka sun ƙi sayar wa Nijeriya jiragen yaƙi, sai Rasha ta sauke nata a filin jirgin Kano. Cekoslobakiya kuwa, wadda ke bin bayan Rasha a lokacin, ta sayar mata da samfurin L-29.

A 1968 sababbin shugabanninta suka nemi sassauta mulki, suka kuma dakatar da sayar wa Nijeriya makamai. Cikin Agusta sojojin Rasha da na ƙawayenta suka mamaye ƙasar, gyaran ya mutu.

Mulkin kwaminis ya faɗi a 1989. A 1993 ƙasar ta rabu biyu, watau Cek da Silobakiya. Cek ta juya Yamma, ta shiga ƙawancen NATO a 1999, da Tarayyar Turai a 2004.

Amma ciniki ya fi siyasa tsawon rai. Jiragen L-39 da Nijeriya ta saya zamanin kwaminis, da su aka ci gaba da koya wa mayaƙan sama tuƙi a Kano.