Hoto Kafin Wasa: Nazarin Zanen Tallan Ƙananan Wasannin Waya da Kwamfuta daga Mahangar Ƙasar Yawuri

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda hoton talla ke sayar da wasannin da ƙananan kamfanoni da ɗaiɗaikun matasa ke ƙirƙira. Ta bi ƙa'idojin shagunan Steam da Google Play, ta kwatanta su da tarihin bangon littafi da fostar fim a Kano, sannan ta auna su da halin mai riƙe da waya a Yelwa da Wara da Shanga. Matsayarta ita ce, a irin wannan kasuwa, ɗan ƙaramin tambarin wasa ya fi duk sauran kayan talla nauyi, kuma aikinsa shi ne ya nuna abin da ɗan wasa zai yi da hannunsa.

Ƙa'idar masu shago

A shekarar 2017 kamfanin Valve ya buɗe ƙofar Steam ga duk wanda zai biya dala 100 a kan kowane wasa. Google Play ya fi haka sauƙi, domin dala 25 ake biya sau ɗaya a yi rajista. Sauƙin shiga ya haifar da cunkoso: a 2023 kaɗai sama da wasanni 14,000 aka saki a Steam. Wanda ba shi da kuɗin talla, hotonsa ne kawai ke magana a madadinsa, kuma hoton ma ba yadda ya ga dama zai yi shi ba.

Google Play na neman tambari mai fiksel 512 a tsaye da kwance, da babban allo mai 1024 da 500, da aƙalla hotuna biyu na cikin wasan. Tun 2021 ya taƙaita suna zuwa haruffa 30, ya hana cusa kalaman farashi ko na cika baki a jikin tambari. Valve ma ya bi sahu daga 1 ga Satumban 2022, inda ya hana jera lambobin yabo da makin masu sharhi a kan allunan talla, ya bar zane da sunan wasa kawai. Kafin lokacin, wasu allunan sun cika da kambin yabo har sunan wasan ya ɓace. Ma'ana dai, masu shagon sun ƙwace wa mai talla baki, sun bar shi da launi da siffa.

Abin da Kano ta riga ta sani

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Lokacin da adabin kasuwar Kano ya tumbatsa, daga Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987 zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, marubuci shi ke buga littafinsa da aljihunsa, ya kai wa 'yan kasuwa. Littafin kuwa kan zauna a tebur ɗaya da wasu gommai masu girma ɗaya da farashi kusan ɗaya. Bango ne ke tsayar da mai wucewa. Da hannu ake zana shi a farko, da launuka masu kaifi, kafin kwamfuta ta shigo hotuna su maye gurbin zane. Graham Furniss na makarantar SOAS a Landan da Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun daɗe suna nazarin wannan kasuwa da dangantakarta da fim.

Fim ɗin Hausa ya gaji darasin, ya ƙara nasa. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai ta gano cewa fuska ke sayar da kaya, sai fosta ta koma taron kawunan jarumai, babba a tsakiya, ƙanana a gefe. A nan ne hanya ta rabu. Mai ƙaramin wasa ba shi da fuskar Ali Nuhu da zai jingina da ita, kuma kawuna bakwai ba sa shiga tambarin da bai fi farcen babban yatsa ba a fuskar waya. Wanda ya kwaikwayi fostar fim a shagon wasanni, tabo kawai zai samu.

Misalai daga Afirka

Kamfanin Maliyo Games, wanda Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, ya fara da wasanni irin su Okada Ride da Mosquito Smasher. Sunayen kaɗai sun faɗi aikin: tuƙa acaɓa, murƙushe sauro. Mai zane ba ya shan wahala idan wasan na da aiki guda da kowa ya sani a jikinsa. Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru ya ɗauki wata hanyar a 2016 da Aurion: Legacy of the Kori-Odan, inda ya dogara da jarumai masu sutura da adon da aka tsamo daga al'adun Afirka. Shi kuwa Semblance na kamfanin Nyamakop a Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2018, bai ɗaga tutar nahiya ba sam. Launuka kaɗan ne da wata 'yar halitta mai laushi. Duk ukun sun samu masu kallo, amma na farkon ne ya fi kusa da kasuwar da ake magana a kai, domin shi ne na waya.

Idon mai saye a bakin tafki

A Yelwa, ko a Wara hedikwatar Ngaski, wayar Android mai sauƙin kuɗi irin su Itel da Tecno ita ce na'urar wasa ta yau da kullum, sai gidajen gem inda ƙwallo ta mamaye komai. Kuɗin data ya sa wasa kan yi tafiya daga waya zuwa waya ta manhajar Xender, ko ta hannun masu caji da tura fina-finai. Wannan ƙaramin bayani ya sauya lissafi baki ɗaya. Idan wasa ya bi wannan hanya, babban allo da bidiyon talla da bayanin da aka ɓata dare ana rubutawa duk sun tsaya a shago. Tambari da suna ne kaɗai ke isa hannu na biyu da na uku. Sau da yawa kuma a waje ake kallonsu, cikin rana, an rage hasken fuskar waya don tattalin batir. Zane mai duhu da ƙananan layuka, wanda ya yi kyau a babbar kwamfutar mai zane, a nan mutuwa yake yi.

Ƙasar Yawuri ba ta rasa abin zanawa ba. Akwai bikin Rigata da tseren kwale-kwale, akwai kokawar Gungawa wadda masanin ɗan'adam Frank Salamone ya yi rubutu a kanta a shekarun 1970, akwai dorina da albasa da kifin banda, akwai kuma labarin tsibiran da ruwa ya ci bayan kammala madatsar Kainji a 1968, lokacin da aka sake wa sama da mutum 40,000 matsuguni. Tarihin masarautar ma ba a iska yake ba. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi masa hidima. Haɗarin yana cikin yawan arzikin ne. Sabon mai zane kan so ya zuba komai a wuri ɗaya, da sarki da kogi da kifi da faɗuwar rana. Idan wasan tsere ne, hancin kwale-kwale ɗaya da filafili a ɗage da feshin ruwa sun wadatar, a kan launuka biyu ko uku masu adawa da juna.

Haɗari na biyu shi ne aro. Argungu na da hoton da duniya ta haddace, dubban masunta da gora da koma, musamman bayan UNESCO ta sa bikin kamun kifin garin a jerinta a 2016. Abu ne mai sauƙi a ɗauko wannan a manna wa duk wani wasan ruwa na Kebbi, amma kogin Matan Fada na Argungu ba kogin Kwara na Yawuri ba ne, kuma ɗan Shanga zai gane da kallo ɗaya. Haka manhajojin ƙirƙirarriyar basira, da an ce musu Afirka sai su miƙo bishiyar ƙaya da jan sama. Tun Janairun 2024 Valve ke buƙatar mai wasa ya bayyana amfani da irin waɗannan manhajoji, sai dai bayyanawa ba ta gyara jirgin da aka zana ba yadda ake sassaƙa shi a Yawuri ba.

Google Play na ba masu wasanni damar gwada tambari daban-daban a kan masu ziyara na gaske, a ga wanda ya fi jawo saukewa, kuma kyauta ne. Matasan da ke koyon zane da haɗa manhaja a Kebbi su yi amfani da shi, amma kafin nan su tura tambarin a tsohuwar Itel, su fita da ita rana, su tambayi wanda bai san wasan ba me ake yi a ciki. In ya kasa faɗa, a sake zanen.