Zuciyar mai jego: daga Zariya zuwa na'urar MRI

1/ 'Yan Gaya da Ajingi, ku matso. Kun san ciwon nan da mai jego ke kumbura, numfashinta na sarƙewa? Yana da tarihi fa.

2/ A 1978 likitoci Davidson da Parry suka wallafa bincikensu kan matan Zariya masu wannan ciwon zuciya. Suka zargi wankan jego da kunun kanwa, wai zafi da gishirin ke jigata zuciya.

3/ Lokacin MRI ma jaririya ce, a 1977 aka fara ɗaukar hoton jikin mutum da ita.

4/ Yau da maganaɗisu take auna faɗin ɗakunan zuciya da kaurin bangonta, har tabon da ke cikin tsokar tana nunawa. Amma hoton eko ake fara yi, ya fi araha.

5/ A 2020 binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta bai ga alaƙar ciwon da wanka ko kanwa ba. Rama da hawan jinin masu ciki na cikin abin da ya fito.

6/ Don haka in yayarku ta haihu ta kasa kwanciya saboda haki, kar a tsaya gardamar kunu. A yi asibiti da ita.