Asalin Ƙwallon Ƙafar Mata da Waɗanda Suka Share Hanya

A ƙasarmu ta Badarawa, daga Ƙaura Namoda har Zurmi da Shinkafi, ba a san 'ya mace da tamaula ba. Wasanta shi ne gaɗa a dandali in farin wata ya fito, da carafke, da 'yar tsana. Ƙwallon ƙafa kuwa baƙo ne, ko ga maza. Turawa suka kawo shi, makarantu da ma'aikatan reluwe suka yaɗa shi, jirgin ƙasa kuma bai iso Ƙaura ba sai 1929. Sabo da haka mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa tun kafin jirgi ya iso mana, mata sun tara 'yan kallo dubu hamsin da ɗoriya a fili guda.

A Ingila abin ya faru. A 1895 wata mace da a ke kira Nettie Honeyball ta tara 'yan'uwanta suka kafa ƙungiya a birnin London, suka yi wasansu na fari ran 23 ga Maris. Mutane suka zo da yawa, amma galibi dariya ta kawo su, ba a daɗe ba kuma abin ya lafa.

Yaƙin Duniya na Farko shi ya tayar da shi. Da aka kwashe maza zuwa fagen fama, sai mata suka shiga ma'aikatun ƙera makamai. A garin Preston akwai wata ma'aikata, Dick, Kerr, inda 'yan mata su ke buga ƙwallo a farfajiya lokacin hutun cin abinci. Ran Kirsimeti na 1917 suka fito fili sosai, mutum wajen dubu goma suka biya suka shiga, aka ba da kuɗin don jiyyar sojan da suka ji rauni. Yaƙi ya ƙare, su ba su daina ba. Ran 26 ga Disamba 1920 suka kara da matan St Helens a filin Goodison Park na Liverpool, gaban mutum 53,000, ban da dubban da aka rufe wa ƙofa don babu wuri. Cikin 'yan wasan ƙungiyar nan akwai wata yarinya, Lily Parr, wadda ta shigo tana da shekara goma sha huɗu. Ba ta aje takalmi ba sai 1951, bayan ta ci ƙwallo ɗaruruwa, tana kuwa aikin jiyya a asibiti.

To, a nan ne gizo ya ke saƙa. Shekara guda bayan wannan taro, ran 5 ga Disamba 1921, hukumar ƙwallo ta Ingila ta zauna ta yanke cewa wasan bai dace da mata ba, ta kuma yi ƙorafi game da yadda a ke kashe kuɗin ƙofa. Ba ta da ikon ɗaure kowa, ba ta ma ce laifi ne mace ta taɓa ƙwallo ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta hana kowace ƙungiya da ke ƙarƙashinta ba mata aron fili. Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san irin wannan takarda: layi uku ce, ba ta zagi, ba ta duka, amma ta fi bulala aiki. In ba fili mai katanga ba ƙofa, in ba ƙofa ba kuɗin shiga, in ba kuɗi kuwa sai kowa ya kama gabansa. Matan Preston suka yi ta lallaɓawa a filayen banza, har suka ƙetara Amurka a 1922 suka yi wasa da maza, ƙungiyar ba ta watse ba sai 1965. Dokar ta yi shekara hamsin kafin a ɗage ta a 1971. Ba Ingila kaɗai ba, Barazil ma ta hana daga 1941 zuwa 1979, Jamus ta Yamma daga 1955 zuwa 1970. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zaci ƙyamar abin a ƙasashenmu ta fara.

A Nijeriya, kudu ce ta riga. Ƙungiyoyi irin su Jegede Babes ta Ikko, wadda Bola Jegede ta kafa da aljihunta, da Ufuoma Babes ta Warri, su suka reni 'yan wasan farko. A 1991 aka yi gasar duniya ta mata karo na fari a ƙasar Sin, Nijeriya ce kaɗai ta wakilci Afirka. Ba a ji da daɗi ba: wasa uku, kashi uku, ko ƙwallo ɗaya ba mu jefa ba. Amma a 1998 aka yi gasar Afirka a Kaduna da Abeokuta, matanmu suka ɗauki kofi. Shekarar da ta biyo suka tafi Amurka ƙarƙashin wani ɗan arewa, Malam Isma'ila Mabo mutumin Jos, Florence Omagbemi na shugabancin 'yan wasa, Mercy Akide na gaba. Suka ci Koriya ta Arewa da Denmark, suka kai zagayen ƙasashe takwas. Nan Barazil ta sa musu uku kafin a tafi hutu, suka dawo suka rama ukun duka, sa'an nan aka ci su da ɗaya a ƙarin lokaci. Malam Isma'ila ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa. Kofin Afirka kuwa, wanda suka ɗauka a Rabat a watan Yuli 2025, bayan Maroko ta fara cin su biyu, shi ne na goma.

'Yan watanni bayan wasan nan da Barazil, a farkon 2000, lokacin da aka soma aiki da Shari'a a Jihar Zamfara, jaridu suka ba da labari hukumar wasanni ta jihar ta hana ƙwallon mata. Gaskiya dai ba wani babban abu aka rushe ba, gama dama can 'ya'yanmu mata ba su da fili. Yarinya takan wuce filin firamare da farantin talla a kai, ta sayar wa 'yan kallo gyaɗa, ta wuce gida.

Uban da ya ƙi bai ƙi a banza ba, watau abin da ke ransa shi ne sutura da cuɗanya da maza, ba kuwa wanda zai ce wannan ƙaramar magana ce. Sai dai ta wajen tufafi an sami sauyi. Da, dokar wasan ta hana mace shiga fili da lulluɓi, amma a 2014 masu tsara dokokin ƙwallo na duniya suka yarda a rufe kai. A gasar duniya ta 2023 wata 'yar Maroko, Nouhaila Benzina, ta yi wasa da hijabi da doguwar sutura har idon sawu, ita ce ta fara yin haka a wannan gasa. Ran nan ƙasarta ta ci Koriya ta Kudu ɗaya da nema.