Wa Ke Biyan Ƙwallo? Tarihin Kuɗin Ƙofa daga Damagaram zuwa Filin Garinmu

Ƴan'uwa ɗalibai da matasa, abin da ya sa na ɗauki biro a wannan fitowa wata gardama ce da ta tashi a fadarmu a babban hutun bara, wadda har yau ba ta kwanta ba. Gasar unguwanni aka shirya, kamar yadda aka saba duk damina in ƴan lakwal sun dawo gida. Tun wasan farko har na kusa da na ƙarshe kallo kyauta ne, sai dai a zagaya da kwano, kowa ya jefa abin da Allah ya hore masa. Ranar wasan ƙarshe muka iso, muka tarar an kewaye fili da zana, an bar ƙofa ɗaya an ɗaura mata igiya, ga wani ƙato tsaye da leda a hannu. Babba dala 40, yaro dala 20.

Ni dai na biya na shiga. Ƙanena da abokansa uku ba su da ko dala, suka yi ta leƙe ta hudar zana ana korar su da tsumagiya. Yaran nan kuwa su ne suka yi wata guda suna share ƙarangiya a filin, su ne masu ɗauko ƙwallo in ta faɗa gonar mutane. Da aka tashi, ba wanda ya ce mana ga abin da aka samu, balle ga inda ya shiga.

Da dare a wajen shayi muka rabu biyu. Wasu suka ce: "Haba! Dala 40 har wani kuɗi ne? Ba kai ne ke biya a gidan kallo duk Asabar ba?" Wasu suka ce ƙwallon gari ba kayan sayarwa ba ne. Ni a ganina duka ɓangarorin sun tsallake wata tambaya. Wasan ƙwallo bai taɓa zama kyauta ba a ƙasar nan. Kullum akwai mai biya, kuma mai biyan shi ke da wasan. Bari mu bi sawu mu gani.

Bariki da lakwal

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, kuma daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin mulkinsu kafin su mayar da shi Yamai. Ƙwallo ta bi hanyar da ta bi a sauran ƙasashen da suka mallaka, wato barikin soja da lakwal. A wancan zamani ba a maganar tikiti. Ƙwallon na mai lakwal ne, fili na kumandan ne, kuɗin kuwa daga harajin da kakanninmu suka biya da gero da bisashe suka fito. Ka ga ke nan tun ranar farko talaka ne ya biya, amma ba shi ke da ta cewa ba.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, an fara gasar ƙasa a 1966. Ƙungiyoyin da suka fara cin kofi na unguwannin Yamai ne, ko sunan kirki ba su da shi sai lamba: Secteur 6 da Secteur 7. Su ne daga baya suka zama Olympic FC da Sahel SC. Ku riƙe wannan da kyau. Manyan ƙungiyoyin da muke ji a rediyo, asalinsu ƙwallon unguwa ne, irin wanda muke rainawa a nan.

Zamanin samariya

Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, sai ya farfaɗo da samariya ya mayar da ita hannun gwamnati. Kowane gari da kowace unguwa da sarkin samarinta. Su ke gayya, su ke gina aji, su ke shirya wasanni. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Iyayenmu a nan Damargu suna ba da labarin yadda ake share fili da gayya, a sare itace a kafa turakun gola, yara kuma su ɗaure tsumma su yi tasu ƙwallon a gefe. Ba a karɓar kuɗi a ƙofa don babu ƙofar. Amma an biya da ƙarfi da gumi, kuma umarni daga sama yake saukowa.

A cikin wannan zamani ne aka yi abin da ya kamata kowane yaron jihar Damagaram ya sani. A 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta ci gasar ƙasa. A 1984 Espoir ta Damagaram ta karɓa. Ku tambayi tsofaffi mece ce 1984 a Damargu. Shekarar fari ce, wadda ta haifi yunwar da ake kira El-Buhari, lokacin da bisashe suka ƙare, garuruwa suka watse. A shekarar da rumbuna suka bushe ne jiharmu ta zama zakaran ƙwallon Nijar. Wannan ya isa shaida cewa gwaninta ba a Yamai kaɗai Allah ya ajiye ta ba.

Masu albashi da masu neman ƙuri'a

To me ya sa tun daga nan kusan kowace shekara kofin a Yamai yake kwana? Dubi sunayen masu ci: AS Police a 2008, AS FAN ta sojoji a 2010, AS Douanes ta ƴan duwan a 2013, AS SONIDEP a 2018 da 2019. Duk ƙungiyoyi ne masu uwa a gindin murhu. Ko mutum goma suka zo kallo, akwai ma'aikatar da ke tsaye bayansu. Ko a Kano, Pillars da aka kafa a 1990, duk da ɗimbin magoya bayanta, gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita. Ƙungiyar da ba ta da ma'aikata a bayanta, dole ta nemi mai riƙe ta.

A ƙauyuka da ƙananan garuruwa irin namu, samariya ta watse bayan babban taron ƙasa na 1991, fadodi suka maye gurbinta a matsayin matattarar samari. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, har da ƙwallo da takalmi da riguna. Sai aka shiga zamanin "kofin wane". Mai kuɗi ko mai neman kujera ya sayi riguna da sunansa a baya, ya sa rago ko ƴan jikkoki, a yi gasa a tafa masa. Ba na zagin kowa, wasu don Allah suka yi. Amma duk mun ga yadda abin ke ƙarewa: zaɓe na wucewa, kofi ya wuce. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabta, ran da aka rufe ƙofa da yunwa zai kwana.

Gidan kallo

Sai ga tauraron ɗan adam ya iso, ga injin wuta, daga baya ga faranti mai aiki da hasken rana. Yau a Balbeji ko Tanut, yaron da bai taɓa zuwa Damagaram ba zai jero maka ƴan wasan Real Madrid da Barcelona ba gargada. Tambaye shi mai tsaron gidan Espoir, sai ya yi ta sosa ƙeya. A nan ne karo na farko matashin Damargu ya saba da ciro kuɗi daga aljihunsa don ya kalli ƙwallo, kuma ba ya gardama. Me ya sa? Don ya san abin da ya saya. Ya ga talabijin, ya ji ƙarar inji, ya san mai gidan na biyan kuɗin tasha duk wata. Sai dai wani kaso na kuɗin nan tafiya yake yi ba dawowa. Dalarmu na taimaka wa albashin wanda ke samun abin da garinmu duka ba ya samu a shekara, alhali mai tsaron gidan unguwarmu da hannu tsirara yake tare ƙwallo.

Kuma kada mu manta, ranar da Mena ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai a watan Oktoba na 2010, Moussa Maazou ya ci, har ta kai ga zuwa gasar Afirka karo na farko a 2012, ba wanda ya tuna da Madrid a daren nan. Son na gida yana nan a zuciya. Hanyar da za a bi a nuna shi ce ba a gyara ba.

Can inda aka fara sayar da tikiti

Tunda ƙwallon Turai muke kallo, bari mu leƙa tarihinsu, don su ma sun yi irin gardamar fadarmu. A wasan ƙasa da ƙasa na farko, tsakanin Sukotlan da Ingila a birnin Glasgo a 1872, sule guda aka biya a ƙofa. Da aka kafa gasar ƙungiyoyin Ingila a 1888 da ƙungiya 12, ba a daɗe ba aka tsayar da sisi a matsayin mafi ƙarancin kuɗin shiga na babba. Kuɗin ƙofar leburori ne suka gina ƙungiyoyin nan tun kafin a san talabijin.

Da abin ya zama kasuwa, sai farashi ya fara korar jikokin waɗanda suka gina gidan. A 2005, da wasu attajiran Amurka, iyalin Glazer, suka sayi Manchester United, wasu magoya baya suka fice suka kafa tasu, FC United of Manchester, can ƙasa a mataki na goma. Kowane mamba ƙuri'a ɗaya, su ke zaɓen shugabanni, su ke da bakin magana kan farashi. A watan Fabrairu na 2016 kuma, da Liverpool ta ce za ta kai wasu tikiti fam 77, dubban magoya baya suka tashi suka fice daga fili a minti na 77 na wasansu da Sunderland. Cikin ƴan kwanaki masu ƙungiyar suka ba da haƙuri suka janye. Mutanen nan ba cewa suka yi a bar su su shiga kyauta ba. Cewa suka yi: da mu ake yi, a tambaye mu.

Mu dawo gida

To dala 40 adalci ne ko zalunci? Ni ga ma'aunina, abu uku.

Na farko, lokaci. Gasarmu a babban hutu ake yin ta, Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, tiya ta fi tsada a kasuwa. Dala 40 ta watan Agusta ba ɗaya take da dala 40 ta kaka ba. Uban da ke auna gero da tiya kullum ba zai ba yaro kuɗin kallo ba, kuma yana da gaskiya. In ana son kuɗi mai kauri, a shirya wata gasar bayan girbi, kafin samari su tafi ci-rani. Wanda ba shi da kuɗi a hannu ma a karɓi ɗan gero a kwano, a sayar ranar kasuwa. Ai da geron nan Damargu ta ciyar da ayarin Abzin shekara da shekaru.

Na biyu, wa aka bari a waje. Yaro ɗan firamare bai kamata ya biya ba. Shi ne ɗan wasan gobe, shi ne mai biyan jibi. Filin da ya kori yara ya ci irin shukarsa. Haka duk wanda ya yi aikin fili, ya share ko ya ɗebo ruwa, ya riga ya biya da ƙarfinsa.

Na uku, kuma shi ne babba, lissafi. Shirya gasa na cin kuɗi, wannan gaskiya ne: ƙwallo, raga, ladan alƙalin wasa, ruwan sha, man babur na ɗauko baƙi daga ƙauye, da magani in wani ya ji ciwo. A ce mutum 300 suka biya dala 20 kowanne, jikka 30 ke nan. Ba ƙaramin abu ba ne a garinmu, ba kuma dukiyar da za a ɓoye ba ce. A samo kaye ɗaya. A sa mutum biyu a ƙofa, ɗaya daga kowace ƙungiya. A yanka takarda mai lamba a matsayin tikiti. A ƙirga kuɗin a gaban kaftin-kaftin kafin magariba. Washegari a rubuta da alli a jikin allo a bakin fili: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga saura. Sauran kuma a faɗi inda aka ajiye shi da abin da za a yi da shi baɗi. Mu da ke zuwa lakwal, wannan aikinmu ne. In ba mu iya riƙe kayen jikka 30 ba, da wane baki za mu tuhumi masu riƙe da baitulmali?

Wallahi in aka yi haka, ni zan biya dala 40, in biya wa wani ma. In ba a yi ba, ko dala 5 aka ce, ta yi yawa, don kuɗin da ba a san makomarsu ba ba tallafi ba ne, haraji ne.

Tarihin da muka bi ya nuna ƙwallonmu ya zauna a hannun kumandan, ya zauna a hannun samariya, ya zauna a hannun masu kofi, yanzu rabinsa na hannun mai tasha. Hannu ɗaya ne bai taɓa shiga sosai ba, hannun masu kallo. Kuɗin ƙofa, in an tsara su da gaskiya, su ne hanyar da zai shiga hannunmu, don wanda ya biya yana da ikon tambaya.

Babban hutu na tafe. Kafin a kafa zana bana, ina roƙon kowace fada ta turo mutum ɗaya a zauna a tsayar da farashi tare, a kuma zaɓi mai riƙe kaye. Ni na yi alkawarin kawo kayen da biro. Ƙanena ya ce shi zai kawo alli, in dai za a bar shi ya shiga ta ƙofa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa kan matasan Damargu.